Kiwon Kifi A Ƙasar Da Babu Kogi: Abin Da Bincike Ya Tanadar Wa Masarautar Gumel

Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san cewa ba ƙasar masunta ba ce. Ƙananan hukumomin nan huɗu na masarautar, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suna shimfiɗe ne a kan rairayi da jigayi, kuma babu wani kogi da ya ratsa su wanda yake gudana rani da damina. Ruwan saman da ake samu a galibin shekaru yana tsakanin milimita 500 zuwa 700, kusan dukkansa kuwa yakan zuba ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Kududdufan da suka cika da damina, kafin hunturu ya kau yawancinsu sun ƙafe, sai tsagaggen laka.

Amma rashin kogi bai hana mutanen Lautai son kifi ba. Ana kawo musu ɗanye da busasshe daga Haɗeja da Nguru, ana kawo banda daga yankin Tafkin Cadi, ga kuma kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje ta tashar jirgin ruwa ta Legas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai ya sha doguwar tafiya kafin ya shiga tukunya, kuɗin tafiyar kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Saboda haka ne tun da rijiyoyin burtsatse suka yawaita, kiwon kifi a cikin tankin siminti ko na tamfol ya fara jan hankalin ma'aikata da 'yan fansho da matasan da suka gama makaranta, kamar yadda ya faru a sauran garuruwan Arewa. Abin da binciken masana na shekaru fiye da sittin ya nuna shi ne, wanda ya sami ruwa ya yi rabin aiki ne kawai. Riba ko hasarar mai kiwo tana rataye ne a kan abin da ya zuba wa kifin ya ci, ƙasar Gumel kuwa tana noma yawancin kayan haɗa wannan abinci.

Dalilin Da Ya Sa Kifin Kogi Ya Kasa

A zamanin da, fadamun Haɗeja da Nguru su ne rumbun kifin wannan yanki. Idan kogin Haɗeja da na Jama'are suka yi ambaliya, kifi yakan bi ruwa ya shiga cikin ciyayi ya zuba ƙwai, 'ya'yan su sami wadataccen abinci da maɓoya, in ruwa ya ja da baya sai masunta su tare su da koma da taru da mali. Masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa kowace hekta ta irin wannan fadama a Afirka takan ba da kilo 40 zuwa 60 na kifi a shekara. Ma'anar wannan lissafi a fili take, gwargwadon faɗin ambaliya, gwargwadon kifin da za a kama.

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Calawa da aka kammala a 1992, sun kawo albarkar noman rani da ruwan sha a Kano, amma sun sauya yadda ruwa yake isa fadamun. Ruwan da a da yakan zo da ƙarfi lokaci guda sa'an nan ya janye, sai ya koma yana gangarowa kaɗan-kaɗan duk shekara, wannan kuwa shi ne yanayin da ciyawar kacala take so, har ta toshe magudanai da yawa. A can gabas kuma Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan a farin shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Rashin zaman lafiya ya zo ya ƙara durƙusar da cinikin bandar Baga na shekaru masu yawa.

Hukumomin tarayya sun sha faɗin cewa Nijeriya tana bukatar wajen tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. A duniya baki ɗaya kuwa, a shekarar 2022 ne a karon farko abin da aka kiwata na kifi da danginsa, tan miliyan 94.4, ya zarce abin da aka kamo daga teku da koguna. Ke nan mutumin Gumel da ya gina tanki a bayan gidansa bai kauce wa hanyar da sauran duniya ta kama ba.

Kifayen Da Suka Saba Da Fari

Kafin a ciyar da dabba sai an san halittarta. Kifayen wannan yanki Allah ya hore musu dabarun jure wa ƙafewar ruwa, kuma waɗannan dabaru ne suke nuna wanda ya dace da kiwo da wanda bai dace ba.

Gaiwa ita ce gwanar wannan fage. Tana da huhu, in ruwa ya soma janyewa sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta wanda yake bushewa ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, sai ga shi wani masani Ba'amurke, Homer Smith, wanda ya yi nazarin gaiwar Afirka wajen 1930, ya tabbatar da cewa lalle naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu da shi muddar kwanciyar. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye na kududdufi waɗanda iyayen kan mutu in ruwa ya ƙafe, amma ƙwansu ya zauna cikin busasshen laka har damina ta zagayo ya ƙyanƙyashe. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka bayyana wa duniyar ilmi a 1928, sunan kogin Kiyawa aka laƙaba masa, domin a can aka fara samunsa. Waɗannan biyu abin al'ajabi ne ga ɗalibi, amma ba su ne kifin kasuwa ba.

Kifin kasuwa shi ne tarwaɗa. Ban da sassan da kowane kifi yake tace iskar oksijin da su daga cikin ruwa, tarwaɗa tana da wata halitta mai rassa kamar bishiya a cikin kanta, wadda take ba ta damar leƙowa sama ta shaƙi iska kai tsaye. Da wannan ne take rayuwa cikin ruwan da zai kashe wasu kifaye, take jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani kududdufi zuwa wani, kuma take jure wa cunkoso a ɗan ƙaramin tanki. Ga ƙasar da kowane bokitin ruwa sai an jawo shi daga ƙarƙashin ƙasa, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Tana cin ƙwari da tsutsa da ƙananan kifi da tsaba, kuma in ta sami kulawa takan kai kilo guda cikin wata shida ko kusa da haka. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwonta. Aibinta ɗaya shi ne babba yakan haɗiye ƙarami, don haka dole a riƙa tace su ana ware waɗanda suka yi wa 'yan uwansu fintinkau.

Karfasa kuwa mai cin ganye ce da gansakuka, abincinta ya fi araha. Sai dai uwar takan riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, ba kasafai 'ya'yan suke salwanta ba, kuma tana fara haihuwa tun tana ƙarama. In aka bar maza da mata wuri ɗaya, kafin a ankara tafki ya cika da tsirarun kifaye da babu mai sayensu. Maganin da masana suka samo shi ne a kiwata maza zalla. Bugu da ƙari karfasa ba ta shaƙar iska daga sama, saboda haka tana bukatar faɗin ruwa da tsabtarsa fiye da tarwaɗa, abin da yake da wuya a ƙasar rairayi inda ramin tafki ba ya riƙe ruwa sai an shimfiɗa masa leda.

Daga Panyam Zuwa Sabuwar Bussa

Kiwon kifi na zamani a Arewa ya soma ne da gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, wadda aka kafa a 1951. Bayan an datse Kogin Kwara a Kainji a 1968 sai aka kafa shirin binciken tafkin, wanda ya zama cibiya mai zaman kanta a 1975, daga bisani kuma a 1987 aka mayar da ita Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, tana nan a Sabuwar Bussa cikin Jihar Neja. Takwararta mai kula da teku tana Legas, ita ma tun 1975.

Babbar matsalar farko ita ce iri. Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai a cikin tanki, domin a daji sai ta ji sabon ruwan damina ya taso take yi. Masanan ƙasar Barazil ne a shekarun 1930 suka gano cewa in aka ciro wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi, aka niƙa, aka yi wa mace allura da ita, ƙwanta yakan nuna. A shekarun 1970 aka gwada wannan hanya a kan tarwaɗa a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, masanan Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan kuma suka daidaita ta har ta zama aikin da kowane mai horo zai iya. Yau ana yi wa macen allura da yamma, da safe a tatse ƙwai, a gauraya da maniyyin namiji, bayan kwana ɗaya ko fiye kaɗan sai 'ya'ya su fito dubu-dubu.

A nan ne abinci yake fara nuna muhimmancinsa. Jaririn tarwaɗa yakan rayu da gwaiduwar da ke jikinsa kamar kwana uku, daga nan sai ya nemi abin da bakinsa zai iya ɗauka, cikinsa kuma bai ƙosa ya narkar da gari ba. Abin da masu ƙyanƙyasa suka fi dogara da shi shi ne ƙwan wata 'yar halitta dangin jatan lande mai suna Artemiya, wadda ake kwasowa daga tafkunan gishiri irin na jihar Yuta a Amurka, a sayar da ita cikin gwangwani da kuɗin ƙasashen waje. Masu bincike a Nijeriya sun nuna cewa ana iya rage wannan dogaro ta hanyar renon ƙananan ƙwarin ruwa a cikin kwatarniya ko tanki da aka zuba wa kashin kaji.

Abinci Shi Ne Jarin

Kuɗin abinci yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na duk abin da mai kiwon tarwaɗa zai kashe. A ɗauki misalin wanda yake son kifi 1,000 su kai kilo guda-guda. In abincinsa mai kyau ne, wanda kilo 1.2 yake ba da kilo guda na nama, zai bukaci kilo 1,200, watau buhu 80 mai kilo 15. In kuwa abincin na banza ne, wanda sai an zuba kilo 2 kafin a sami kilo guda, zai bukaci kilo 2,000, ga ɓata lokaci, ga ɓata ruwa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin buhun da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, masu kiwo da yawa a faɗin ƙasar nan suka rufe tankunansu.

Abin da ya sa abincin kifi yake da tsada shi ne yawan furotin, watau sinadarin gina jiki, da yake bukata. Tarwaɗa mai tasowa tana son abinci mai furotin kashi 35 zuwa 42 cikin 100, jariranta suna son kusan 50, karfasa kuwa 28 zuwa 32 ya ishe ta. Gero da dawa da masara ba su wuce kashi 9 zuwa 12 ba. Wanda ya ce zai yi kiwon tarwaɗa da dusa da ragowar tuwo kamar yadda ake kiwon agwagwa, zai shekara yana jiran girman da ba zai zo ba.

Har wa yau furotin ɗin ma ba duka ya zama ɗaya ba. An gina shi ne da wasu tubala guda ashirin da ake kira amino asid. A 1957 wani masani mai suna John Halver da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa wa kifin salmon abinci na gwaji, suna cire tubali ɗaya-ɗaya suna duba abin da zai faru, suka gano cewa akwai guda goma da kifi ba ya iya ƙera su a jikinsa, dole sai ya same su a abinci. Daga baya aka tarar haka abin yake ga sauran kifayen da aka gwada. In ɗaya daga cikin goman ya gaza, ginin jiki yakan tsaya a nan, komai yawan sauran, kamar magini ne da ya tara tubali amma ruwan kwaɓi ya ƙare masa. Biyun da suka fi yawan gazawa su ne laisin da metiyonin. Masanan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure sun auna a 1998 cewa tarwaɗa tana bukatar laisin ya kai wajen kashi 5.7 cikin 100 na furotin ɗin da take ci.

Garin kifi yana ɗauke da dukkan goman daidai wa daida, shi ya sa ya zama ginshiƙin abincin kanti, shi ya sa kuma yake da tsada. Aikin masu bincike a ko'ina cikin duniya shi ne neman abin da zai maye gurbinsa, a nan ne kuwa ya kamata a dubi abin da ƙasar Gumel take da shi.

Na farko gyaɗa. Tun zamanin da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru yake tsayawa a tashar Gagarawa yana ɗaukar buhunanta, gyaɗa take cikin amfanin gonar wannan ƙasa, har yau kuma mata suna matsar mai suna fitar da tunkuza da ƙuli-ƙuli. Tunkuzar da aka matse sosai tana da furotin wajen kashi 45 cikin 100. In aka haɗa kashi bakwai nata da kashi uku na garin gero, lissafi zai ba da kusan 35, mutum ya ɗauka ya gama. Amma laisin ɗin da ke cikin furotin na gyaɗa bai wuce kashi 3.5 ba, metiyonin ma kaɗan ne ƙwarai, don haka kifin ba zai yi girman da alƙalami ya nuna ba.

Na biyu riɗi, wanda Jihar Jigawa take cikin manyan masu nomansa, Maigatari kuma take cikin manyan kasuwanninsa. Tunkuzar riɗi tana da furotin kusan 40, kuma tana da wadatar metiyonin fiye da yawancin tsaba, sai dai laisin ɗinta ya gaza ma na gyaɗa. Na uku waken soya, wanda ake kawowa daga kudancin Kano da Kaduna, shi kuwa yana da laisin mai yawa amma metiyonin ya yi masa ƙaranci. Ke nan riɗi da waken soya kowane yana rufa wa ɗan uwansa asiri. Sharaɗin waken soya, har da farin wake, shi ne a gasa ko a dafa shi, domin ɗanyensa yana da wani sinadari da yake hana hanjin kifi narkar da furotin.

Na huɗu jini. Kasuwar dabbobi ta Maigatari da take ci kowace Alhamis tana cikin mafi girma a Arewa, kuma a kowace mayanka ta masarautar ana zubar da jini a ƙasa kullum. Jinin da aka dafa aka shanya aka niƙa yana da furotin fiye da kashi 80 cikin 100, ga laisin jingim. Amma kifi ba ya son ɗanɗanonsa in ya yi yawa, kuma ya gaza a wani tubalin, shi ya sa masana ba sa son ya wuce kashi 5 zuwa 10 na haɗin. Garin ƙashi daga mayankar yana ba da sinadaran ƙarfafa ƙashi. Ganyen zogale ma an gwada shi a kan karfasa a Jami'ar Hohenheim ta Jamus, aka ga yana iya maye wajen kashi 10 cikin 100 na furotin ba tare da girma ya ragu ba, in ya wuce haka sai ya ragu. Sa'an nan ga tsutsar ƙuda da ake renonta a kan kashin kaji ko ɓawon kayan lambu, wadda busasshiyarta take da furotin kusan 40 ko fiye, kuma gwaje-gwaje da yawa a jami'o'in ƙasar nan sun nuna tarwaɗa tana girma da ita.

Darasin duk wannan shi ne, babu ɗaya daga cikin kayan nan da zai tsaya shi kaɗai, amma in aka haɗa su bisa awo, aka ƙara ɗan garin kifi da bitamin, ana iya rage dogaro da buhun kanti, musamman bayan kifin ya wuce wata biyu.

Haɗarin Da Ido Ba Ya Gani

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba mai haɗa abinci a gida ya kiyaye. Na farko hunhuna. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil, binciken musabbabin wannan ne ya kai ga gano dafin da ake kira afalatoksin, wanda hunhuna take zubawa a gyaɗa da masara da angurya in an ajiye su da danshi. A wannan lokaci kuma aka tarar da cutar dajin hanta a kifayen da ake kiwo a Amurka, aka bi sawu aka ga dafin nan ne cikin garin angurya. Dafa abinci ba ya kashe shi. Saboda haka baƙar gyaɗar da aka tsince aka ware, wadda ake ganin arha ce, ita ce mafi tsada in ta shiga tanki. Busasshiyar iskar ƙasar Gumel taimako ce wajen shanya, amma da damina sai an ɗora buhuna a kan katako, kuma kada a haɗa abin da zai wuce mako biyu ko uku.

Na biyu bitamin C. Tarwaɗa, kamar ɗan Adam, ba ta iya ƙera shi a jikinta. In ya gaza sai ƙashin baya ya karkace, ko ƙoƙon kai ya tsage, cutar da masu kiwo suka sani sarai. Zafi da daɗewar ajiya suna lalata wannan bitamin, don haka akwai irin da aka sarrafa musamman don abincin kifi.

Ina Matsayin Jatan Lande?

Jatan lande na teku ba abin kiwo ba ne a Gumel, domin ruwan gishiri yake so. Amma ilminsa ya amfani kowa. Wani masani ɗan Japan, Motosaku Fujinaga, shi ne ya fara sa shi ya hayayyafa a cikin tanki a shekarun 1930, 'yan ƙasarsu kuma suka gano wajen 1971 cewa ba ya iya ƙera kitsen nan da ake kira kolestarol, alhali yana bukatarsa domin saɓa, watau tuɓe tsohon ɓawo, wanda in bai yi ba ba zai girma ba.

Labarin da ya fi kusa da gida shi ne na babban jatan landen kogunan Afirka ta Yamma. Shi a ruwan daɗi yake zaune, amma 'ya'yansa sai a bakin teku suke tashi, sa'an nan su hauro. Da aka gina madatsar Diyama a Kogin Sanagal a 1986, hanyarsa ta yanke, ya kusan ɓacewa daga saman kogin. Ashe shi ne yake cinye dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Cikin 'yan shekaru annobar tsargiya ta ɓarke a yankin. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa da aka mayar da jatan landen wani mashigin ruwa na ƙauye, dodon koɗi mai cutar ya ragu, kamuwa da ita ma ta ragu. Abin lura ga duk mai shirin haƙa tafki kusa da gari shi ne, ruwan da ya kwanta yana gayyatar dodon koɗi da sauro, ya kamata ma'aikatan lafiya su shiga cikin shirin tun daga farko.

Ruwa Da Lokaci

Daga cikin furotin da kifi ya ci, abin da yake zama nama bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura yana komawa cikin ruwa, yawancinsa a matsayin amoniya, wadda guba ce ga kifin in ta taru. Shi ya sa dole a riƙa sauya ruwan tanki, kuma abinci maras kyau ya fi saurin ɓata shi. Amma abin da yake guba ga kifi taki ne ga shuka. A ƙasar da ruwa yake da tsada, bai kamata a gina tanki ba sai an tanadi fili a gefensa na zogale ko alayyafo ko tumatir ko dashen itatuwa, domin ruwa ɗaya ya yi aiki biyu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin ruwa shi ne zafinsa. Tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30 a ma'aunin santigireti, in ya sauka ƙasa da 20 sai ta rage ci ƙwarai. A hunturun Disamba da Janairu ɗan tankin da ke bisa ƙasa yakan yi sanyi da dare, abincin da aka zuba da sassafe ya zauna ya ruɓe. Wanda ya zuba 'ya'yan kifi a watan Maris ko Afrilu, ya yi musu rumfa saboda zafin bazara, yana iya kwashewa kafin sanyi ya shigo. Wanda kuwa kifinsa ya shiga hunturu, sai ya rufe tanki da dare, ya rage abinci, ya jira rana ta ɗaga kafin ya ba su.

Aikin Da Ya Rage

Galibin gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a wasu wurare, da kayan wasu wurare. Tunkuzar da macen ƙauye ta matsa da hannu ta fi ta injin mai yawa, furotin ɗinta kuma ya fi ƙasa, ƙuli-ƙulin kasuwa ma sau da yawa da gishiri da yaji a cikinsa. Dole ne a auna kayan gida a ɗakin bincike, a gwada su a ruwan gida da yanayin gida, kafin a ce wa manomi ga haɗin da zai bi. Jihar tana da wuraren da za su iya wannan aiki: Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da sashen nazarin kifi, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ga kuma Kwalejin Ilmi a cikin garin Gumel kansa. Tanki shida da sikeli da littafin rubutu sun isa ɗalibi ya yi binciken kammala karatu wanda zai amfani unguwarsu, maimakon wanda zai kwanta a kan kanta yana shan ƙura.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, rabon 'ya'yan kifi da tamfol a wurin biki ba ya zama taimako in ba a bi shi da abinci da malamin gona ba, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya fi amfani shi ne injin niƙa da na murza abinci ƙwaya-ƙwaya a hannun ƙungiyar gama kai a kowace ƙaramar hukuma, da tsarin tara jini da ƙashi cikin tsabta a mayankun Gumel da Maigatari, da horar da malaman gona su san auna ruwa da lissafin abinci. Shi ma mai kiwo yana da nasa nauyi, ya rubuta kowane kilo da ya zuba da kowane kifi da ya mutu, ya kuma san wanda zai saya tun kafin ya zuba iri, ko ɗanye ko banda.

Ƙasar Gumel ba za ta yi gogayya da Haɗeja wajen su ba, amma gyaɗa da riɗi da gero da dabbobin da Allah ya ba ta sun isa su ciyar da kifin da mutanenta za su ci, har ta sayar wa masu kiwo na maƙwabta da abincin, muddin aka haɗa su da ilmi da awo.